'Yar Riƙona Ba Ta da Takarda

Anti Rawinia, ki taimake ni, bakina ya ja mini.

Hinewai 'yar ƙanwata Ngaire ce. Tun tana wata uku aka ba ni riƙonta a gaban dangi, yadda mu Māori muka saba, ba alƙali ba takarda. Yau shekararta tara. A garinmu Gisborne gwamnati na ba ni kuɗin tallafinta, ma'aikatan sun san mu.

Sai mijina ya samu aiki a Perth, can ƙasar Ostireliya. Ranar walimar bankwana na miƙe, da ƙashin alade a hannuna, na yi jawabin da ba wanda ya tambaye ni: wai Ostireliya ai nan kusa da gida ce, kuɗin Hinewai zai biyo mu kamar kare. Ngaire ta ce in tsaya in bincika. Na ce mata tun yaushe ƙanwa ke koya wa yaya tafiya?

To, kare bai biyo mu ba. Ma'aikatan can sun tsayar da kuɗin, na nan sun ce in kawo shaidar yarinyar a hannuna take. Na nuna wa ma'aikaciyar hotunan ranar haihuwa guda tara, ta ce kek ɗin sun yi kyau.

Haya na cinye albashi, na cire yarinyar daga ajin iyo. Sa hannun Ngaire nake buƙata, amma wata huɗu ba mu yi magana ba. Gaskiya tsoro nake ji, kada in kira ta ce in dawo mata da 'yarta.

Mai Jawabi, Perth

Ke Mai Jawabi,

Na yi dariya, amma na ji tsoronki. Tallafi ba ya tsallaka teku da kansa, kowace ƙasa da ƙa'idarta, kuma ma'aikaciyar nan ba ta raina al'adarmu ba, shaida take nema. Ki koma ki tambayi takardun da suke karɓa, a rubuta miki. Ki nemi wasiƙa daga makarantar Hinewai da likitanta, da ta ofishin Gisborne.

Ngaire kuwa tana da gaskiya, kin gwale ta a gaban dangi. Ki kira ta, ki fara da ban haƙuri, maganar takarda ta jira wani kiran. Ba zan rantse miki da abin da za ta ce ba. Amma faɗa mini, in ba Ngaire ba, wa ya sa hannu a fasfon yarinyar, bayan jawabin naki? Ta ba ki Hinewai sau biyu ke nan.

Allah ya daidaita ku. Wannan karon ki bar ta ta yi jawabin.

Anti Rawinia