Motar Kailani Tana Zubar da Gas

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Na buɗe gareji yau, karon farko tun rasuwar Kailani. Ba don ina so ba. Matata Maijidda ce ta ce zaman gida ba zai dawo mini da ƙanena ba, kuma ta gaji da ganina a tabarma kamar buhun da aka manta.

Babbar motar da yake tuƙawa tana nan inda ya ajiye ta, gindin dalbejiya. Ƙarƙashinta ƙasa ta yi baƙi. Ranar da ya kawo ta cewa ya yi, "Yaya, in ta yi zafi warin gas har cikin kai yake shigowa." Na ce ku direbobi haka kuke, sai kun kashe abu ku kawo wa bakanike gawa. Ya yi dariya, ya ce akwai abin da zai nuna mini a jikinta in ya dawo, amma sai na yi alkawarin ba zan yi faɗa ba. Bai dawo ba. Washegari yana alwalar la'asar ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini, in ji likita.

Ban taɓa ta ba. Na zauna a benci har azahar.

Laraba, 10 ga Yuli

Alhaji Nagoda ya zo, mai motar. Ya sake yi mini gaisuwa, Allah ya saka masa. Sannan a hankali ya gabatar da wani dogon mutum mai suna Sabo, daga Hanwa, wai shi zai karɓi tuƙin. Wani ya hau kujerar Kailani ke nan. Mutumin bai yi mini komai ba, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni, amma na ji na tsane shi. Allah na tuba.

Alhaji ya ce in nemo inda take zuba in gyara, masara na jira a ɗauka. Na ce to.

Alhamis, 11 ga Yuli

An wuni ana ruwa. Ba a neman yoyo a jiƙaƙƙen inji. Na ji daɗin ruwan nan fiye da manomi.

Asabar, 13 ga Yuli

Na fara. Na ɗaga kan motar, na wanke injin da omo tas, don gas da ƙura sun haɗu sun yi masa riga, ba ka gane sabon jiƙa da tsoho. Na bar shi a rana ya bushe.

Daga tanki na faro, yadda maigidana ya koya mini tun ina yaron gareji: bi man daga gidansa har inda zai ƙone. Tanki lafiya. Tiyon da ya taso daga tanki lafiya. Filta na ɗan gumi a wuya, na sauya mata wosha, amma wannan gumin ba zai baƙanta ƙasa haka ba.

A cikin kan motar hularsa na nan a kan dashbod, da rabin goro a leda, ya bushe ƙamas. Da carbin nan mai ruwan ƙasa da na kawo masa. Na rufe ƙofar na sauko.

Sabo ya wuni tsaye a kaina, yana miƙo sifana tun kafin in nema. Na ce masa ba na son a tsaya mini a ka. Ya koma gefe ya zauna a kan tsohuwar taya.

Talata, 16 ga Yuli

Na gano wurin.

Hodar jarirai na saya a shagon kusa da masallaci, na barbaɗe injin da ita har ya yi fari fat, na shimfiɗa kwali a ƙasa, na tayar da ita. Da sanyinta shiru, ko ɗigo. Na bar ta tana aiki har ta ɗauki zafi. Na bi bututan nozul, masu kai man cikin inji, ɗaya bayan ɗaya da guntun kwali, don wanda ya sa yatsa a nan bai san ciwon kansa ba, man da ke fita da ƙarfi fata yake hudawa. Duk a bushe. Sai can baya, inda injin ya matse da jikin kan mota, na ga hodar ta yi duhu, duhun yana saukowa a hankali.

Ɗan siririn tiyon nan ne mai mayar da ragowar gas tanki. Ya tsage. An naɗe shi da robar cikin taya, naɗi mai kyau, an ƙulle. Gas ya ci robar ta kumbura, shi ya sa yake tsatsafowa, yana ɗiga daidai saman salansa.

Ƙullin na sani. Baba ne ya koya mana shi a bakin rijiyar gidanmu, na ɗaure guga, a zagaya sau biyu a soke bakin ta ƙasa. Ni na daɗe da mantawa. Shi kuwa ko buhu zai ɗaure haka yake yi, kuma da hagu, don bahago ne. Abin da zai nuna mini ke nan. Ina ganin sa a gefen titi, kwance a kan zafin inji yana ƙullawa yana cewa Yaya zai kashe ni.

Aikin ɗan lokaci ne. A yanke, a sa sabon tiyo, a ɗaure kilif. Na daɗe da wuƙa a hannu. Daga baya na share hodar wurin, na sauke kan motar.

Sabo ya ce, "Oga, an dace?" Na ce tukuna.

Laraba, 17 ga Yuli

Na kwance famfon hannu mai jawo gas daga tanki na mayar. Lafiyarsa ƙalau, na sani tun kafin in kwance.

Juma'a, 19 ga Yuli

Bayan masallaci na biya shagon Nwabueze mai kayan gyara a Kwangila. Tun muna samari nake sayen kaya wurinsa, kuma ranar jana'iza yana tsaye a bayan sahu har aka gama. Na ce ya ba ni wosha. Ya dube ni ya ce, "Malam Muntaka, yoyon gas ne zai kai ka mako? Kai da kake jin warinsa daga bakin titi?" Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce ai shi ya sa ya tambayi mai ɗakin.

Sai na gaya masa. Ban yi niyya ba, bakina ne ya kufce. Na ce abin da hannunsa ya taɓa na ƙarshe ke nan, in na yanke, motar ta tafi, shi ke nan babu sauran Kailani a Tudun Wada sai kabari. Nwabueze ya tashi. Ya shiga ciki ya yanko tiyo daidai tsawon, ya haɗa da kilif biyu ya sa mini a aljihu. Ya ce da babarsu ta rasu shekara ya yi bai bari an buɗe ɗakinta ba, da aka buɗe gara ta cinye komai.

Kayan na aljihun rigata. Ina kewar yaron nan, wallahi. Yaro nake cewa, mutum da furfurarsa.

Lahadi, 21 ga Yuli

Alhaji ya kira da safe. Ya ce masu masara sun ƙosa, tunda zubar ba ta da yawa Sabo ya tafi da ita haka gobe, in ya dawo a ci gaba da nema. Na ce ba za ta yiwu ba. Ya ce ai Sabo ya yarda.

Na same shi a gareji yana goge gilashi. Na ce kana da hankali kuwa, mota na zubar da gas za ka hau da ita hanyar Funtuwa? Ya sunkuyar da kai. "Oga, tun kafin Sallah ban yi lodi ba. Uwargida ta kusa haihuwa. Allah zai tsare."

Allah zai tsare! Shi bai san a kan salansa take ɗiga ba. Ni na sani. Da kaya a bayanta, a hawa, salansar nan ja take yi.

Na ce ya ɗaga kan motar. Na nuna masa wurin, na ce ƙanena ne ya ɗaure. Ya duba, ya dube ni, ina jin ya gane tun yaushe na sani. Bai tambaya ba. Cewa kawai ya yi, "Allah ya jiƙansa, ya iya ɗauri." Na gwada kwancewa da farce don in fitar da shi yadda yake, robar ta narke ta manne. Dole na sa wuƙa. Ta rabu gida uku, baƙa, tana naso a hannu. Ba abin da za a ajiye.

Sabon tiyo, kilif, hoda, na tayar. Ta yi zafi, hodar na nan fara. Na shiga bayan gareji na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi.

Litinin, 22 ga Yuli

Ta tafi da safe. Na kwashe hular da carbin zan kai wa iyalinsa. Gindin dalbejiya ya yi faɗi.

Alhamis, 1 ga Agusta

Sabo ya dawo daga tafiya ta biyu. An sauka lafiya a gidansa, mace. Injin a bushe, na duba da kaina. Amma madubin gefe ya kawo mini a ɗaure da wayar kebur, wai reshe ne ya buge shi bayan Giwa. Raina ya ɓaci. Na ce ku dai ba ku da aiki sai ɗaure-ɗaure, gobe ma ka ɗaure birki da zare mana! Ina ta faɗa, yana ta murmushi, sai na ji bakina ya ce, "Kailani, miƙo mini sifana goma."

Sabo ya juya wurin kayan aiki. Ya ɗauko ya sa mini a hannu, ya ce, "Ga shi, Yaya."

Ban gyara ba, shi ma bai gyara ba. Suna ranar Lahadi. Na ce ban sani ba ko zan samu zuwa, aiki ya yi yawa. Maijidda dai ta ce za ta wanke mini farar rigata.