Raken Dutse da Gwiwata ta Hagu

Anti Limunga,

Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana. Shekarata goma sha biyar, bara na gama firamare a Bonakanda. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Ina cikin yaran da Mola Ndive yake koya wa gudun dutse. Saura mako biyar a yi tseren bana, kuma ran Asabar zai rubuta sunayen 'yan matan da za su shiga. Malaman sakandare suna zuwa kallo, suna ɗaukar waɗanda suka yi fice a makarantunsu. Ni ba ni da wata hanyar komawa makaranta sai wannan.

Wata biyu da suka wuce mun hau dutsen don atisaye. Kin san dai dokar, duk abin da ka samu a kan dutse ka ci a can, amma ba a saukowa da shi, don na Efasa Moto ne, mai dutsen. To, ƙanwata Nalova ta dame ni wai sai ta ɗanɗana raken dutse. Na karyo gaɓa biyu na soke a ƙugu, ba wanda ya gani. Muna gangarowa da gudu na taka tsakuwa, ƙafata ta hagu ta tsaya, jikina ya juya. Na ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwa. Kafin mu iso gida ta kumbura kamar gwanda.

Kakata, Mbamba, ita ke riƙe da mu. Ta kai ni asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau. A hanya ta ce, "Ciwon da hoto bai gani ba, ai ba na asibiti ba ne. Ke, me kika taɓa a sama?" Na ce ba komai. Ƙarya na yi mata, Anti. Raken yana ƙarƙashin katifata har yau, ya bushe. Ban ba Nalova ba, kuma na kasa yarwa.

Yanzu kumburin ya tafi. Idan tafiya ce a miƙe ba na jin komai, har kasuwa nake kai wa Mbamba gwaza. Amma da na juya da sauri, ko ina gangara, sai gwiwar ta zame kamar ba tawa ba. Sau uku ke nan ina faɗuwa.

Mola ya ce, "'Yata, tsoro ne kawai. Dubi sha-raɓarki kamar ta ɗan dako, wannan ƙafar ce za ta kasa?" Ya sa ni hawa matakala da ɗage kullum sau ɗari. Yanzu sha-raɓar ma ciwo take, har zuwa agara. Eposi kuwa, wadda za ta samu gurbina idan na fita, kullum sai ta ce, "Gurguwa, a kawo miki sandar Mbamba ne?" Sauran su yi ta dariya, ni dai in sunkuyar da kai.

Mola mutumin kirki ne, shi ya ba ni takalmi. Ina jin kunyar ce masa ba zan iya ba. Mai dutsen ne ya kama ni? Idan na hau na mayar da raken, gwiwar za ta sake ni kafin tsere? Zan iya ɗaure ta da bandeji in hau da sassafe ni kaɗai.

Mai Rake a Ƙugu

*

'Yata,

Da farko, kada ki hau dutsen nan, ko ke kaɗai ko da rakiya.

Hoton da aka ɗauka ƙashi kawai yake nunawa. Gwiwa kuwa ba ƙashi kaɗai ba ce. Akwai jijiyoyi huɗu masu ƙarfi, ba na jini ba, irin masu kama da igiya, da suke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, biyu sun gitta juna a tsakiya. Ta gaba a cikin masu gittawar ita ke hana ƙwauri zamewa idan kin juya ko kina gangara. Ƙarar da kika ji, da kumburi a ranar, da zamewar nan, duk sun yi kama da yagewarta. Ban taɓa ƙafarki ba, don haka ba zan yanke hukunci ba. Likitan ƙashi zai iya gwadawa da hannunsa, ya riƙe cinya ya jawo ƙwauri, wataƙila kuma ya nemi wani hoton da ke nuna jijiya.

Mola yana da gaskiyarsa. Tsoka mai ƙarfi tana kare gwiwa, musamman ta gaban cinya da ta baya, kuma za ki buƙace ta wajen warkewa. Amma sha-raɓa aikinta daban. Tsokoki biyu ne, ɗaya kan ɗaya, suka haɗu a agara suna ɗaga diddige. Su ke hawa da ke dutse, ba sa ɗinke jijiyar da ta yage, bandeji ma haka. Ciwon da suke miki gajiya ce, ki dakatar da matakalar. Kuma duk zamewar da gwiwar ta yi tana iya yaga guringuntsin ciki, wanda gyaransa ya fi wuya.

Batun rake, ba zan raina abin da Mbamba ta riƙe ba, ni ma da shi aka raine ni. Sai dai na ga wannan rauni a jikin 'yan ƙwallon da ba su taɓa taka dutsen ba. Abin da raken ya yi miki tabbas shi ne ya rufe miki baki wata biyu. Ki fito da shi yau ki ajiye a gabanta. Za ta yi faɗa, faɗan zai wuce.

Sannan ku je wurin Mola tare kafin Asabar. In maganar ta maƙale, miƙa masa wannan shafin. Ki ce masa sau uku kika faɗi, don na tabbata bai san adadin ba. Ki roƙe shi ya raka ku wurin likita, kuma ya yi wa malaman sakandare bayaninki, tunda ya san gudunki. Ba zan ɓoye miki ba, tseren bana ya wuce ki, Eposi za ta samu gurbin, kuma warkewa na iya cin watanni, ko a yi aiki ko ba a yi ba. Amma 'yan gudu da yawa sun dawo bayan irin wannan.

Idan Mbamba ta ce a mayar da raken, Mola yana hawa kowane mako, kuma gwiwoyinsa biyu lafiya suke. Sai shi ya kai raken. Ke ki zauna a ƙasa bana, don ki sake hawa da ƙafarki. Allah ya ba ki lafiya.

Anti Limunga