Fankar da Ta Ƙi Bin Sauran

Zuwa ga Maman Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da ke a hukumance, a madadin gidanmu da ke Bukan Sidi da dukan kajin da ke cikinsa, cewa na gyara fitilun kwamfutarki, sannan aka gyara gyaran da na yi. Na san ba za ki karanta wannan ba. Da kina nan ma ba kya karanta rubutuna sai da jan biro a hannu, don haka yau zan yi kuskurena son raina.

Kin tuna ranar da kika haɗa ta? Akwati mai gilashi a gefe, fanka huɗu kowace da fitilarta, har ram ma, wato ƙwaƙwalwarta, tana haske. Na tambaye ki me mai buga wa ɗalibai takardu za ta yi da wutar Kirsimeti a watan Yuni. Kika ce littattafai masu baƙi da fari sun kashe mini ido.

Wata takwas da rasuwarki ban taɓa ta ba. Rahila ce ta tilasta ni. Aurenta saura mako uku, za su zauna a Azuba, kuma tana so a nuna bidiyon nan da kike ba da waƙa a zumuntar mata ranar da za a sallame ta. Ba ya ko'ina sai cikin kwamfutar nan.

Da na kunna ta sai na tarar da rikici. Fankoki ukun gaba suna ta juya launi, ram tana ƙifta kore, fankar tsakiya kuma tana yin shuɗi, can ta koma rawaya. Kamar mawaƙan coci da kowa ya ɗauko nasa baitin. Mai hankali zai kwafe bidiyon ya tashi. Kin san wanda kika aura.

Kwana biyu ina karatu a kai. Na gano manhaja biyu ne ke kokawa a kan wa zai mulki fitilun, na cire ɗaya, ram ta shiga sahu. Ta tsakiya ta ƙi. Na buɗe gefen akwatin, na ga wayarta a soke wani wuri daban, ba a ɗan akwatin da sauran suka haɗu ba. Har na yi miki dariya, wai ga aikin gwanaye. Na mayar da ita cikin 'yan uwanta. Komai ya zama shuɗi, tsaf. Na kira Rahila na yi mata alfahari.

Washegari da azahar, zafin Maris ɗin nan da kika sani, na sa kwamfutar tana kwafe fayilolinki duka. Fitilu shuɗi, hankalina kwance. Sai na ji ƙauri, sai ta ɗauke. Na danna, na sake dannawa, shiru. Na zauna a kujerarki na daɗe. Me zan gaya wa yarinyar nan? Cewa muryar uwarta ta tafi saboda ubanta ba ya son launi biyu a ɗaki ɗaya?

Na ɗauki kwamfutar a keke zuwa wurin Malam Sani, mai sayar miki da kaya a kasuwa. Ya ce ƙura ta toshe fankar, injin ya yi zafi ya kashe kansa. Ya kuma ce ke da kanki kika sa ya ware wayar, domin launin fankar ya riƙa bin zafin injin: shuɗi lafiya, rawaya a kula, ja a kashe. Ya share, ya mayar da wayar inda kika bar ta, ta tashi. Bidiyon yana nan. Na kalle shi a tsaye a shagonsa, shi kuma ya duƙa yana neman sukundireban da ke hannunsa.

A hanyar gida na tuna wani abu. Kullum da rana kikan leƙa ƙarƙashin tebur, ki kashe kwamfutar, ki ɗauko farantin agushi ki zo baranda ki zauna kusa da ni kina ɓarewa. Shekara huɗu ina gaya wa kaina kewata ce ke taso ki. Ashe fanka ce ta yi ja?

Ba komai. Ga abin da ban taɓa gaya miki ba: tun ƙarfe ɗaya nake jiran wannan lokacin, littafi a buɗe, ba na wuce shafi. Da na san sirrin, da ni da kaina zan riƙa rufe miki taga.

Wayar nan daidai kika sa ta, Saratu. Ni ne na yi kuskure.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Ishaku