Shaidar da Na Ba Kamfanin Jirgi

Zuwa ga tsohuwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar taki? Yaya jikin 'yarmu Yaya da jaririnta? Ki shafa mini kansa, ki gaida uban yaron. Mu nan lafiya lau, sai dai kujerarki ta tsakar gida da ta ishe ni da kallo.

Za ki ga hannun ba na Auta ba ne. Tela na bakin layi ne yake rubuta mini, na sa shi ya ajiye wandon mutane. Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda. To wayar ce ta jawo mini abin da zan faɗa miki, kuma akwai maganar da ba na iya yi ina jin numfashinki a kunne. Ki sa tabarau ki karanta da kanki, kada ki ba Yaya.

Kin riga kin ji daga bakin Auta cewa kamfanin jirgin sama ya ɗauke ta gyaran inji, a babbar rumfarsu da ke kwana biyu a mota daga nan. Sun ba ta mako uku ta ce e ko a'a. Abin da ba ta faɗa miki ba shi ne ta kasa yanke shawara. Takardar tana kan firij, ta danne ta da kwalbar maganin idona. Da safe ta ce za ta, da yamma ta ce wa zai riƙa ɗiga mini magani. Ranar Lahadi ta tambaye ni ra'ayina, na ce ni ban taɓa tsare ɗa ba. Ta ce Baba ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Sai na ƙara muryar rediyo.

Ranar Talata da hantsi, tana wurin aikinta na gyaran janareta, wata mata ta kira ni daga kamfanin, murya kamar ta mai karanta labarai. Ashe Auta sunana ta rubuta a matsayin wanda ya fi saninta. Matar ta tambayi ranar haihuwa da makarantu, na zubo mata har da sunan malamin da ya fara koya wa yarinyar riƙe sifana. Kin san ni. Shekara arba'in da ɗaya a siton tashar manyan motoci, ban taɓa riƙe biro ba, ban kuma taɓa ba wani buhun wani ba. Har gobe in aka yi gardama a layinmu kan shekarar da aka ja wuta, ni ake zuwa a tambaya. Matar ta yi ta dariya, wai kaina ya fi kwamfutarsu.

Sai ta ce ko akwai wani abu game da lafiyarta da ya kamata su sani. Na ce tana shekara tara ta suma a kan tsani ta faɗo, bayan wata biyu ta sake sumewa. Na faɗi ranar, na faɗi kalar rigar da ke jikinta. Dariyar matar ta ɗauke, na ji tana buga abu da yatsu.

Tela ya ɗago kai yana kallona, na ce masa rubutu na kira shi yi, ba kallo ba.

Ni dai tambayata aka yi na ba da amsa. Ki rubuto mini, kada ki kira.

Naki har kullum,
Baban Auta.

Zuwa ga tsohuwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya da yaron. An ce ya fara murmushi, Allah ya raya shi. Ki rage hawa benen nan nasu saboda gwiwarki.

Amsarki ta iso, layi huɗu. Tela ya karanta sau ɗaya, ban nemi na biyu ba. Kin ce Yaya ce ta suma a kan tsani, ranar kuwa Auta tana goye a bayanki ko yaye ta ba a yi ba. Kin ce in mantuwa ce in je asibiti, in ba mantuwa ba ce in ji tsoron Allah.

Ba mantuwa ba ce. Rigar ruwan ɗorawa ta Yaya ce, ni na sayo ta, ni na ɗauki yarinyar a kafaɗa har wurin likita, aka ce ƙarancin jini ne ya kuma wuce. Lokacin da nake faɗa wa matar nan ina ganin fuskar Yaya sarai a idona, bakina yana kiran Auta. Da mantuwa ce da abinci yana wuce mini.

Ga abin da ya biyo baya. Kamfanin ya rubuto sun dakatar da ɗaukar Auta sai ta kawo takardar likitan ƙwaƙwalwa, domin ba sa barin mai suma ya hau fiffiken jirgi. Asibiti kuwa sun ba ta rana sai nan da mako shida. Kafin nan sun ɗauki na bayanta.

Da kin ga yarinyar nan. Ta zazzage jakar katunan asibitinta a kan tabarma tun daga na rigakafi, tana dubawa ɗaya-ɗaya. Sai ta juyo ta ce, Baba kai da ba ka mantuwa, na taɓa suma? Tari ya zo mini, na riƙe shi da hannu biyu, na yi ta yi har ta tashi ɗebo mini ruwa. Ba ta sake tambaya ba, don a tunaninta in da akwai da na faɗa.

Yanzu ta ce wataƙila haka ya fi alheri, ta haƙura, za ta zauna. Ta ninke takardar ta jefa a durowa. Tana fita shagon janareta da safe, ta dawo hannu baƙi ƙirin, ta wanke, ta ɗiga mini magani, ta shige ɗaki. Waƙar nan marar kai da take yi in tana wanke-wanke ta daina. Na samu abin da nake so ke nan.

Na san za ki tambayi dalili. Ni ma na tambayi kaina. 'Ya'ya biyar suka fita ta ƙofar nan, ina riƙe da ranar fitar kowa da akwatin da ya ɗauka. Abin da ke kaina ya yi mini yawa, tsohuwa, wa ya kwana a wane lungu, wa ya fasa gilashin taga, wace shekara ruwa ya shigo har ƙarƙashin gado. Ke kin ji su har kin gaji, sauran suna duba waya in na fara. Auta kaɗai ce take ce mini sai kuma aka yi yaya. In ta tafi wa zan faɗa wa? Na san wannan ba hujja ba ce. Tela ma ya ce ba hujja ba ce, alhali ba a tambaye shi ba.

Shawararsa wai in kira matar in ce tsufa ne ya rikita ni, kowa ya huta. Na ce ya dubi ɗinkinsa. Saura kwana tara mako ukun da suka ba ta ya cika.

Kada ki faɗa wa Auta. In za ta ji, daga bakina za ta ji.

Mijinki,
Baban Auta.

Zuwa ga tsohuwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ku duka da ɗan jikan nawa. Na ji an ce kin ƙi cin abinci kwana biyu saboda ni. Ki ci, laifin ba naki ba ne.

Na faɗa wa Auta. Kwana uku ina ɗaukar maganar ina ajiyewa, sai ranar Laraba da safe tana ɗiga mini magani, kaina a ɗage, idona a rufe. A haka kaɗai na iya. Na faɗa mata tun daga kiran matar har rigar Yaya.  Ta gama ido ɗaya, ta yi na biyu, ta rufe kwalba, ta ce in sa takalmi.

Ƙaramin ofishin kamfanin yana filin jirginmu na nan, hawa na uku, ko'ina gilashi, sanyi kamar cikin firij. Matar mai muryar labarai ashe 'yar ƙarama ce, da wuya in ta girmi Yaya. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har ƙarshe. Mutuniyar kirki ce. Ta ce Baba ba komai, ana samun haka, za ta rubuta cewa shekaru ne suka sa na haɗa 'ya'yana biyu, in dangwala yatsa shi ke nan. Auta ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, wato in yi shiru in karɓa.

Ban karɓa ba. Na ce 'yata, ni ban taɓa haɗa buhun wani da na wani ba, ballantana 'ya'yan cikina. Ki rubuta cewa na sani sarai, ƙarya na yi don kada ta tafi. Ta ce ba sai an rubuta haka ba. Na ce in ba haka ba ba zan dangwala ba. Akwai maza biyu a teburin gefe, duk suka daina abin da suke yi. Ta rubuta, ta karanta mini da ƙarfi kamar yadda dokarsu ta ce, na ji kalmar ƙarya da sunana a jere a bakin baƙuwa. Na dangwala. Tawadar har yau ba ta gama fita daga yatsana ba.

Tela ya ce ko a wurin neman gafara sai da na yi taurin kai. Wataƙila. Amma ƙarya ɗaya ta ishe ni, ba zan wanke ta da wata ba.

Da muke saukowa na tsaya a taga. Wani jirgi yana tsaye an buɗe masa inji, mutum uku a kan tsani da riguna masu ƙyalli. Auta ta tsaya a bayana tana kallo, ta daɗe. 

Ranar Juma'a suka rubuto sun janye dakatarwar, amsa zuwa Litinin. Kwana biyu tana zagaya gidan nan, ta gyara famfon bayi da ba abin da ya same shi, ta kwance fankar ɗakinki ta mayar.  Jiya da la'asar ta zo ta zauna a kujerarki. Ta ce da farko da gaske ba ta san abin da za ta zaɓa ba, kuma da na ce mata zauna da bakina, da ta zauna. Sai da aka ƙwace aikin ta gane yadda take son sa. Ta ce za ta tafi ranar goma ga wata. Ta ce ta yafe mini, amma kada in tambaye ta ko ta huce.

Daga nan ta ɗauko takardar kamfanin da biro. Akwai wurin da ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya taso. A gabana ta ja layi a kan sunana, ta rubuta naki. Wayarta ba caji, sai ta ce, Baba, faɗo mini lambar Mama. Na faɗo mata tiryan-tiryan, ban yi kuskuren ko ɗaya ba, ta rubuta.

Saboda haka in wata mata mai muryar labarai ta kira ki, ki ɗauka. Kuma in Yaya ta ji ƙarfi, ki dawo kafin goma ga wata. Akwatin yarinyar nan yana buƙatar hannunki, ni kuma ba na so in tsaya a bakin ƙofa ni kaɗai.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki, in har kina so,
Baban Auta.