Hular da Aka Ce Usaini Ya Lalata

Ƙungiyar Ma'aikatan Sashen Narka Ƙarfe,
Kamfanin Tukwanen Alminiyam na Zinariya,
Sharada, Kano.
14 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Manajan Harkokin Ma'aikata,
Alhaji Abdulwahid Ashafa.

Ranka ya daɗe,

Game da: Korar Malam Usaini Baffa kan ƙyallen tsane gumi na cikin hular kwano

Bayan gaisuwa da girmamawa, ƙungiya na gabatar da ƙorafi a madadin Malam Usaini, magidanci daga Panshekara, wanda aka sallama ranar 7 ga Afrilu bisa laifin "lalata kayan kamfani".

1. Bisa hikimar hukumar gudanarwa, hula ɗaya mutum uku ke rabawa: na safe, na rana, na dare. Ƙyallen da ke zagaye a cikinta don tsane gumi bai taɓa bushewa ba. Malam Usaini kan karɓe ta sharkaf da gumin wani, ya nufi bakin wuta da ita.

2. Tun watan Fabrairu ƙuraje suka feso masa a goshi, suka zama gyambo, har ya kai sai ya cije leɓe yake iya sujada. Ya kai kuka wurin sufabaizansa, Malam Sagir, aka ba shi shawarar ya rage gumi. A cikin zafin Maris, a gaban tanderu!

3. Da haƙuri ya ƙare, ya sa reza ya yanke ruɓaɓɓen ƙyallen. Maiɗakinsa Aina'u ta ɗinka sabo daga tawul ɗin goyonta, mai maɓalli, yadda kowa zai iya cirewa ya wanke. Ɓarnar ke nan gaba ɗayanta.

4. A zaman kwamitin ladabtarwa na 4 ga Afrilu an kawo tsohon ƙyallen a matsayin hujja. Cikin manyan mutanen da suka kira shi dukiyar kamfani, babu wanda ya yarda ya taɓa shi da hannu. Da bakin biro aka juya shi, sannan aka buɗe taga. Mun ji kunya a madadinsu, tunda su ba su ji ba.

5. Ita kuwa lalatacciyar hular, ba a kai ta bola ba. Tana rataye a ofishin Malam Sagir, kuma duk sanda zai leƙo sashenmu, ita yake sawa.

Saboda haka muna roƙo cikin ladabi a mayar da Malam Usaini bakin aikinsa, a kuma ba kowane ma'aikaci ƙyallensa. In kuwa hukuncin na nan daram, Aina'u na neman a mayar mata da ɗinkinta. Tsohon ƙyallen na nan a ajiye cikin leda, a shirye muke mu maƙala wa Malam Sagir dukiyar kamfani a goshi.

Allah ya ƙara girma.

Naku cikin biyayya,
Kamilu Inuwa Dakata,
Sakataren ƙungiya.