Koren Kaset ɗin Abdulsamad

Juma'a, 13 ga Satumba, 2024

An sauko daga masallaci, na yi abin da na saba. Na janyo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe shi, na goge kan rikoda da auduga. Kaset ɗari biyu da sha ɗaya, faifan sidi sittin da bakwai. Matata Barira ta ce ko 'ya'yana ba na yi wa wannan ƙirga. Na ce mata 'ya'ya sun san hanyar gida, waɗannan kuwa in sun fita sun tafi ke nan.

Duk gambarar zamani ce, hip-hop ɗin da samari suka riƙa yi a ɗakunan haya na birni shekara ashirin da suka wuce, irin wanda gidan rediyo bai taɓa sawa ba. Wani kwafi ashirin kacal aka yi, sunan ma da biro aka rubuta. Na bi su Fagge, na bi su Kumbotso, har Zariya na je a bayan a-kori-kura saboda guda ɗaya. Yaran yanzu waƙa dubu ce a wayarsu, amma ba wadda suka taɓa riƙewa a hannu. Ba su san ƙanshin sabon kaset ba, ba su san naɗe zare da biro ba. Allah ya kyauta.

Koren kaset ɗin da ke ciki shi ne na ƙanena, marigayi Abdulsamad. Waƙa bakwai, shi da abokinsa Sagiru suka yi a 2004 bayan sun sayar da albasar da suka noma. Shekara goma sha uku ke nan da motar tumatir ta kife da shi a hanyar Zariya. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai a nan. Duk Juma'a nakan sa fuska ɗaya. Yau na ji muryar tana ja kamar ta mai jin barci, bel ɗin rikoda ne ya saki.

An sha ce min in kai a juye shi a memori. Zan kai.

Litinin, 16 ga Satumba

Shinkafa ta yi nono, tsuntsayen jan-baki sun sauka. Tun asuba ni da Baba muna bakin kanal, shi da gwangwani da tsakuwa, ni da majajjawa. Ka kore su gabas su faɗa yamma. Muryata ta dishe. Baba ya haura saba'in amma ya ƙi komawa gida, wai gonar da ya gada ba zai bar wa tsuntsu ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Na san za a zo nan. Muna cin ɗumame Baba ya ce, "Mudassiru, tarkacen nan naka su yi rana mana."

Kowa a ƙasar Kura ya san zaren kaset ya fi mutum-mutumi aiki. A kafa sanduna, a ja zaren a kan shinkafa, iska ta kaɗa shi yana ƙyalli yana kuka, tsuntsu ba ya yarda ya sauka. Da can a bola ake tsinta. Yanzu kaset ya ƙare a gari sai a ɗakina, kuma kowa ya sani.

Na zauna zaɓe. Wallahi ko ragon layya ban taɓa juyawa haka ba. Na ware wannan, na tuna inda na samo shi, na mayar. A ƙarshe na fitar da ashirin da biyar, waɗanda nake da biyunsu da waɗanda masu su ba su iya komai ba sai ihu. Na haɗa da sidi tara da suka karce. Na kai wa Baba a leda ban kalli fuskarsa ba.

Da yamma gonar duk ƙyalli. Yana aiki, ba zan yi ƙarya ba. Amma raina ya sosu.

Asabar, 21 ga Satumba

Na shiga birni neman bel. Sai a rumfa ta shida na samu, wurin wani tsoho a Sabon Gari, shi ma sai da ya yi min dariya. Na dawo da la'asar, na biya ta gona kafin gida.

A gindin darbejiyar bakin kanal Baba yake tara ƙoƙon kaset ɗin da ya zare. Ban san me ya sa na duba ba. Yana can a sama, kore, ba zare a cikinsa. Ga rubutun Abdulsamad a jiki, da 'S' ɗin nan nasa mai kama da ƙugiya.

Ban san tsawon zaman da na yi a wurin ba.

Barira ta ce Baba ya shigo da hantsi ya ce zaren bai isa ba, ta nuna masa akwatin. Ta ce ya daɗe a ciki. Guda biyar ya ƙara ɗauka. Tana ta ba ni haƙuri, tana cewa, "Baban Rauda, ka san idonsa." Na sani. Ko lambar waya ba ya gani. Laifina ne da ban ware shi daban ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ban ci komai ba. Ban je gona ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Na shiga cikin shinkafa ina kwance zare. Duk iri ɗaya ne, ruwan ƙasa, ba ka gane na wane da na wane. Baba ya gutsuttsura shi gaba biyar-biyar, ya ƙulla a jikin sanda. Na tambaye shi ta wane ɓangare ya ja na ranar Asabar, ya nuna gabas da haɓarsa. Na kwashe na gabas kaf, na naɗe a jikin kara.

Kafin in kai gaɓa jan-baki sun rufe wurin. Ina gani, Baba yana gani. Ya ɗauki gwangwaninsa ya nufi can yana ɗingishi.

Laraba, 25 ga Satumba

Kwana biyu ina haɗi. Reza, salatif, biro. In goge guntu da tsumma, in liƙa, in naɗe a ƙoƙo, in danna. Rana ta cinye yawanci, sai shuuu kawai. Inda murya ta fito kuma ta wani ce. Na ji wani ɗan Fagge da na manta da shi yana cika baki, na ji kiɗa ba waƙa. Abdulsamad ko tari.

Na je shagon Sagiru a Kura, yanzu taki da maganin feshi yake sayarwa. Na san amsar amma na tambaya. Ya ce nasa kwafin ya ƙone shi tun shekarar da ya yi aure, wai ƙuruciya ce ta wuce. Kwafi talatin suka yi, bai san inda ko ɗaya yake ba. Ya ce, "Yaya Mudassiru, ka yi masa addu'a kawai." Kamar ba na yi. Ya miƙo min ruwan leda, na ce na ƙoshi.

Na ji haushinsa ƙwarai. Shi ne fa yake amsa masa amshi.

Juma'a, 27 ga Satumba

Zan rubuta yadda aka yi tun ban fara canza shi a raina ba.

Bayan masallaci na zauna a ɗaki ba abin sawa. Baba ya aiko Barira ta kira ni. Yana kan buzunsa, carbi a hannu. Na durƙusa. Na fara cewa ba komai, na san kuskure ne, ido ne. Ya ɗaga min hannu.

"Ba kuskure ba ne. Kore ne, ai ina ganin kore."



Ya ce da azumin bana ya ji a wa'azi cewa abin da mutum ya bari a duniya yana bin sa, mai kyau da marar kyau, muddin ana amfani da shi. Tun ranar bai sake samun natsuwa ba. Duk Juma'a in na danna, shi abin da yake gani shi ne ana ƙara rubuta wa yaron a inda ba zai iya gogewa ba. Ya so ya yi min magana, ya san ba zan ji ba. Da tsuntsu ya zo sai ya ga hanya.

Na ce, Baba, ai ba zagi a ciki, ba batsa. Ruwan da ba ya kaiwa ƙarshen kanal yake faɗa, da taki da ba a samu. 

Ya ce ya sani. Ya ce ya haddace su duka bakwai. Bangon ɗakina da nasa ɗaya ne, shekara goma sha uku duk Juma'a yakan ajiye abin da yake yi ya matso ya jingina. "Kana zaton kai kaɗai kake jira Juma'a ta zo? Ni na haife shi. Da na zare shi a gindin bishiyar nan hannuna ƙin yi ya yi, sai da na sa haƙori."

Daga nan ya juya fuska ya ci gaba da jan carbi. Na tashi na fito ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Bai da iko. Nawa ne. Ni na ajiye shi, ni na hana gara ta ci, ni na raba shi da damina goma sha uku.

Kuma wa ya ce haka abin yake? Malamai ma ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan.

Amma idan haka ne fa?

Talata, 1 ga Oktoba

Muna gaisawa da Baba, iyakarta ke nan. Ina kwana, lafiya lau. A gona yana gabas ina yamma. Fangalin da na kwashe wa zare ya zama ƙaiƙayi, zangarniya tsaye ba nauyi. Ya kai buhu uku a ƙiyasina. Har yau bai ambata ba, da ma ya yi faɗa da na ji sauƙi.

Na lura ya rame. Barira ta ce tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai.

Ina ta ƙoƙarin tuno muryar. Kalmomin suna nan, har inda yake cewa na gaba sun sha sun yi wanka, mu na ƙarshen kanal sai tsagewar ƙasa. Amma da muryata nake jin su. Tasa ta fi tawa kauri ko ta fi siriri? Kwana goma kacal. Wannan ya tsorata ni fiye da komai.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na same shi. Guntu ɗaya.

Ina yanke ciyawar kacala a bakin kanal don ruwa ya wuce, sai ga zare ya nannaɗe a jikin ganye, can cikin inuwa inda rana ba ta kaiwa. Iska ce ta tsinke shi ta kai shi. Na gane shi don akwai ɗigon jan farce a tsakiya. Shekarun baya rikoda ta taɓa cinye shi, na liƙe wurin da jan farcen Barira. Ba wani kaset da na yi wa haka.

Na auna da hannu, gaba biyu da rabi. Ba zai kai minti biyu ba. Tsakiyar waƙa ta uku ce, in lissafina daidai ne, inda yake dariya kafin ya shiga baiti.

Na sa shi a aljihun gaba na dafe da hannu har gida. Ban gaya wa kowa ba sai Barira.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na wanke shi a hankali, na shanya a ɗaki. Na mayar da shi cikin koren ƙoƙonsa, na ɗaure kusoshin. Na sa wa rikoda sabon bel, na gwada da wani kaset, murya tar.

Bari sai Juma'a. Ranarsa ce.

Laraba, 16 ga Oktoba

Mun fara yanka. Baba ya zo ya zauna a gindin darbejiya yana kallon masu bugu. Da azahar na kai masa fura, ya karɓa ya sha rabi ya miƙo min sauran, kamar da. Ya ce shinkafar yamma ta yi kyau. Na ce alhamdulillahi. Na zauna kusa da shi muna kallon masu bugun.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na dawo daga masallaci na janyo akwatin. Na goge kan rikoda. Na sa koren kaset, na rufe murfin. Na rage murya can ƙasa yadda ba za ta tsallaka bango ba.

Sai na ji motsi ta ɗaya gefen. Ƙarar buzu ana jan sa a ƙasa, sannan tarin Baba, dab da bangon. Bai san na samu komai ba. Lokacin ne kawai ya yi, jikinsa ya saba.

Yatsana yana kan maɓallin. Ban san me nake jira ba. Na karanta wa Abdulsamad Ƙulhuwallahu, ban ƙirga ƙafa nawa ba. Da na ɗago har inuwa ta juya.

Ban fasa ba. Ba wai na yarda da maganar Baba ba ne, har yanzu ina ganin bai kyauta min ba. Kaset ɗin yana cikin rikoda, ban cire ba.

Barira ta leƙo ta ce, "Baban Rauda, ban ji ka sa ba." Na ce batir ne ya yi sanyi. Ta kalle ni, ta saki labule ta koma wurin girkinta. Ita ta sayo min batiran jiya, sababbi a leda.