Waken Badaru a Saman Jeri

Anaca, Lahadi

Yaya Bashira,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taki. Mu nan lafiya lau, sai ruwan Anaca da ba ya gajiya. Ƙaninki ne dai ya kwaso abin kunya da girmansa.

Kin san 'yarki ta wajena, Zuliha, na karatun kwamfuta a Inugu. Ganin yadda muke rigima a tashar sauke kaya kan motar da za a fara saukewa, sai ta haɗa mana wata manhaja a waya. Ta ce tsarin sunansa hip. Ni da na tsaya a aji huɗu na gyaɗa kai kamar tare muka ƙirƙiro shi. Wai kowace mota tana da biyu a ƙarƙashinta, kuma wadda kayanta suka fi saurin lalacewa ita ke sama. Sabuwa in ta zo, daga ƙasa take farawa, ta yi ta musayar wuri da ta samanta har ta isa matsayinta. Ba ruwansa da gemu ko sanayya. Na zaga kasuwa ina cewa kaina ta gado.

Ranar gwaji aka ba ni wayar, tunda ni ne uban mai abin. Sai ga motar aminina Badaru da busasshen wake. Yaya, a tashar nan ba a taɓa barin amini a layi ba. Na rubuta cewa kayansa yau za su ruɓe. Nan take ya haye saman kowa, aka kira sunansa, aka yaye tamfol a gaban jama'a da Zuliha. Wake, garas-garas! Tumatirin wani direba Manu kuwa yana baya yana tsiyaya.

Yanzu ƙungiyarmu ta tasha na cewa manhajar ce ba ta da hankali, Juma'a za su yanke ko a watsar da ita. Zuliha ta koma Inugu, ba ta ɗaga wayata. Ke take jin maganarki. Ki ce mata ta zo, zan miƙe a taron in faɗi wanda ba shi da hankalin. Ta taɓa gaya mini cewa wanda aka ɗora a sama bai cancanta ba, gangarowa yake yi har ya sami wurinsa. Ki shaida mata na iso.

Ki gaida Malam, da Abdulhafiz, da Halimatus Sa'adiya.

Naki, daga can ƙasan jeri,
Gimba